Saifa tana nan, amma tana aiki kuwa?

Sau da yawa uwa kan zo da ɗanta mai sikila, riƙe da takardar sikanin, tana murna an ce saifarsa na nan, har ma ta ɗan girma. Nakan zaunar da ita in yi mata bayani a hankali: sikanin da muka saba yi girman saifa yake nunawa, ba ya faɗin ko tana aikinta.

Aikin kuwa babba ne. Tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari, tana tace jini kamar rariya, tana kama ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau. Jinin mai sikila da ya lanƙwashe kamar lauje kan toshe mata ƙananan jijiyoyi, wani lokaci tun yaro bai shekara ba. A 1969 Dakta Howard Pearson da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa saifar yaro mai sikila na iya kumbura har a taɓa ta da hannu, alhali ta daina aiki. Da hoton nukiliya suka gano hakan.

Kada sunan ya firgita ku. Allura ce ɗaya a jijiya, ɗauke da ɗan sinadarin tekneshiyam-99m. Bayan kamar minti 20 yaro ya kwanta ƙarƙashin kyamarar gama, wato na'urar da ke ɗaukar hoton inda sinadarin ya taru a jiki. Hanta da saifa mai lafiya sukan kwashi sinadarin su fito a hoton. Idan saifa ta gaza, hanta kaɗai za a gani, gefen hagu wayam. Duk awa 6 ƙarfin sinadarin na raguwa da rabi. Mai juna biyu ko mai shayarwa dai ta sanar da likita tukuna.

A Najeriya sai manyan asibitoci, irin na koyarwa da ke Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, ke da wannan na'ura. Shi ya sa nake roƙon iyaye kada su jira hoto. Duk yaro mai sikila a ɗauka saifarsa na da rauni. A ba shi fenisilin kullum yadda likita ya rubuta har ya kai shekara 5; binciken 1986 a Amurka ya nuna hakan ya rage mugun kamuwa da ƙwayar numokokus, mai kawo ciwon huhu da sanƙarau, da kashi 84 cikin 100. A cika masa rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro.

Idan zazzaɓi ya kai maki 38.5, ko ya ɗashe fat cikinsa ya kumbura, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Don Allah kada a ba shi farasitamol a ce sai gari ya waye.