Kamun kirafi a kan ƙanƙara: ku daina liƙe wa rami ɗaya

Da zarar tabkunan jihar Minesota ta Amurka sun daskare sai tambayoyin nan na kamun kifin kirafi su dawo, kuma su ne dai na bara, su ne na bara waccan. To ga amsoshin na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ƙanƙarar ba za ta fashe da ni ba?

Za ta iya, shi ya sa na sa wannan a farko. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota, wato DNR, ta ce in kauri bai kai inci 4 ba kada ka taka. Inci 4 ɗin ma na sabuwar ƙanƙara ne mai garai-garai, kuma don mai tafiya da ƙafa. Farar nan mai haɗe da dusar ƙanƙara ƙarfinta rabi ne, sai ka ninka lissafin. Kai da za ka yi ta yawo daga rami zuwa rami ka fi kowa bukatar ka ji wannan, don kauri ba ɗaya ba ne a ko'ina, musamman kusa da mashigar rafi da ƙarƙashin gada. Duk ramin da ka huda, auna. Rataya ƙusoshin hannu guda biyu a wuya, su za ka caka ka jawo kanka in ka rufta. Kada ka tafi kai kaɗai. Kuma ganin motar wani a tsakiyar tabki ba hujja ba ce.

Wane irin kifi ne kirafi?

Kifin Arewacin Amurka ne, faffaɗa kamar karfasa, mai ɗigo-ɗigo. Iri biyu ne, baƙi da fari, kuma baƙin ya fi yawa a tabkunan arewa. Mai inci 10 ya isa ci, mai inci 14 babba ne. Shi ke nan.

Me zai hana in kafa tanti, in kunna hita, in jira su zo?

Ba abin da zai hana, sai dai ka koma gida da bokiti wayam. Kirafi a gungu yake tafiya, kuma a tsakiyar hunturu yakan bar bakin gaɓa ya koma kwarin tabki, inda zurfi yake ƙafa 20 zuwa 40, ya tsaya a tsakiyar ruwa, ba sama ba ba ƙasa ba. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ido ke gani da ƙyar, da tsutsotsin da ke fitowa daga taɓo, da ƙananan kifaye. Abincin nan ba a ɗaure yake ba, yana motsi, gungun na biye da shi. Hausawa sun daɗe da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kifin ya faɗa maka da bakinsa ba zai zauna ba, kai kuma ka kawo kujera.

Bin gungun daga rami zuwa rami ba sabuwar dabara ba ce. Dave Genz, ɗan Minesota, shi ya yi suna wajen yaɗa ta tun shekarun 1980, da ƙaramin tanti da ake ja a kan ƙanƙara a naɗe shi nan take. Kayanka su zama waɗanda za ka iya ja da hannu ɗaya. In sai ka yi rabin awa kana kwance kaya, ba za ka tashi ba ko da ka san ya kamata.

Ina zan fara huda?

Duba taswirar zurfin tabkin tun kana gida, DNR na da su kyauta a intanet. Nemi kwari mafi zurfi, ka fara daga gefensa inda gangara ta ƙare. Huda ramuka da yawa a jere kafin ka jefa ƙugiya ko ɗaya, tazarar taku 15 zuwa 20. Mahudi mai faɗin inci 6 ya wadatar, ya fi sauri kuma ba ya cinye batir.

Dole sai na sayi na'urar gano kifi?

In yawo za ka yi, dole ne. Ba sai mai tsada ba. Tsohuwa ƙirar Vexilar ko MarCum ta hannu ta ishe ka. Ka zura ta a rami, in ka ga layuka masu launi a tsakanin ƙanƙara da ƙasa, kifi ne. In ba ka ga komai ba, ɗaga ta ka yi gaba. Akwai na'urar LiveScope da kamfanin Garmin ya fitar a 2018, mai hango gefe da nisa, tana rage yawan huda ƙwarai, amma kada rashin kuɗinta ya zaunar da kai a gida.

To minti nawa zan yi a rami kafin in tashi?

Nan ne ba zan ba ka lamba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ba ka ya yi maka gajeren bayani.

Rami da na'ura ba ta nuna komai ba, da rana tsaka, ni ba na ba shi fiye da minti ɗaya ko biyu. Wani lokaci nakan sauke koto in kaɗa shi can sama, don na'urar ƙasan ramin kawai take gani, kifin da ke gefe kaɗan ba zai bayyana ba sai ya matso. In bai matso ba, na wuce.

In akwai kifi kuma suna ci, zauna mana, amma yi sauri. Kama na saman gungun tukuna, don in ka jawo na ƙasa ta tsakiyarsu sauran kan watse. Mayar da ƙugiya ƙasa kafin ka tsaya ɗaukar hoto. Ƙugiya mai kan tangistin, wani ƙarfe mai nauyi, ta fi ta dalma saurin nutsewa, amfaninta ke nan. Da allo ya koma fayau, kada ka tsaya kewar su, leƙa ramukan da ke kewaye, galibi ba su yi nisa ba. In kun kai ku biyu ko uku abin ya fi sauƙi: ɗaya na huda, ɗaya na bi da na'ura.

Mai wahalar ita ce kifi na nan amma sun ƙi ci. Nan zan canza koto sau ɗaya, in rage girma, in rage kaɗawa. In sun taso sun duba sun koma har sau biyu ko uku, yawanci na bar su, don wani gungun mai yunwa na iya kasancewa taku hamsin daga nan. Na ce yawanci. Ranar da sanyi ya tsananta bayan wucewar hadari, sama ta yi tas, mai yiwuwa duk tabkin haka suke, kuma tashi ba zai ƙara maka komai ba sai gajiya. A irin wannan rana haƙuri a kan kifin da ka gani ya fi neman wanda ba ka gani ba.

Sai kuma lokaci. Kirafi ya fi ci da asuba da kuma gab da magariba, lokacin da ƙananan halittun nan ke tasowa. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a birnin Miniyafolis na Minesota, saboda haka yawonka ka yi shi da rana, ka gama huda tun da la'asar, ka zauna a inda ka fi ganin kifi. Wanda ya tayar da mahudi a daidai lokacin da suka fara ci ya ɓata wa kansa, ya ɓata wa maƙwabta. Haka ma in ruwa bai da zurfi, ko ƙanƙara ba ta da dusa a kai, ƙarar takunka kaɗai na korar su, sai a rage zirga-zirga. Ƙarshen hunturu kuma iskar oksijin na raguwa a ƙasan wasu tabkuna, kifi ya taso har kusa da ƙanƙara ko ya nufi gaɓa, kwarin da ya yi maka rana a Janairu ya zama kango a Maris. Kada ka damu in ka kasa gane wannan a fitar farko, sai da maimaici ido ke sabawa.

Ina ganinsu a allo, amma ban ji an ja ba.

Kotonka na ƙasa da su. Kirafi sama yake kallo, daga ƙasa yake tasowa ya ɗauka. Riƙe koto ƙafa ɗaya ko biyu a samansu. Kuma sau da yawa ba ja za ka ji ba, zaren ne zai yi sako-sako don ya ɗago ƙugiyar. Da ka ga haka, ɗaga sanda a hankali. Kada ka fizga, leɓensa siriri ne, yagewa yake. Zare mai ɗaukar laba 2 zuwa 4, da tsutsar kakin zuma ko ɗan ƙaramin kifi.

Ƙananan ai sai in mayar da su, ko?

A ruwa marar zurfi, ƙwarai. Amma wannan na damuna sosai. Kirafi na da jakar iska a cikinsa, in ka jawo shi daga zurfin da ya wuce ƙafa 25 zuwa 30 jakar kan kumbura, idanu su firfito. Ka tura shi rami ka ga ya ɓace, ka ɗauka ya tsira, alhali da yawansu a ƙarƙashin ƙanƙara suke mutuwa. In a zurfi kake su, duk wanda ka kama na tukunya ne, babba ko ƙarami, in ka cika adadi ka naɗe zare. In wasa kake so, nemi ruwa marar zurfi.

Guda nawa aka yarda in ɗauka?

A Minesota 10 ne, wasu tabkuna 5, kuma na cikin firijinka ma yana cikin lissafi. Karanta dokar tabkin kafin ka je, kuma ka sayi lasisi. Kada ka ce kifin ba ya ƙarewa. A tabkin Upper Red, ƙyanƙyasar shekarar 1995 ce ta cika shi da manyan kirafi, mutane suka yi ta tururuwa shekara da shekaru, da waɗannan suka ƙare ba a sake samun kamarsu ba.

Hita a cikin tanti fa?

Kunna, amma bar kafar iska a buɗe. Iskar carbon monoxide da hitar ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.