Ma'ajiyar Kalmar Sirri da Kuskuren Hannu wajen Shiga Shafi

Ma'ajiyar kalmar sirri manhaja ce da ke adana sunan mai amfani da kalmar sirrinsa na kowane shafin intanet, ta kuma cike su da kanta idan ya koma shafin. Wasu a cikin burauza suke, kamar na Chrome da Firefox da Safari. Wasu kuwa masu zaman kansu ne, irin su KeePass da ta fito a 2003, da 1Password a 2006, da Bitwarden a 2016. Duk inda mutum ya buga bayanansa da hannu ya yi kuskure, matsalarsu ɗaya ce: ma'ajiya ba ta san kalmar da shafin ke jira ba, abin da yatsa ya buga kaɗai take gani.

Yadda take gane ko an shiga

Shafi ba ya aiko wa ma'ajiya da saƙon cewa an karɓi mutum ko an ƙi shi, don haka da alamu take aiki. Chrome kan jira ta ga abin da ya biyo bayan danna maɓallin shiga. Idan gurbin kalmar sirri ya sake bayyana, sai ta ɗauka ba a dace ba, ta yi shiru. Idan ya ɓace, sai ta tambaya ko a adana. A da Firefox kan tare mutum da tambayar tun kafin shafin ya ba da amsa, har sai da fitowarta ta uku a 2008 ta mayar da tambayar wani ɗan layi a saman allo, wanda ke jira mutum ya ga sakamako tukuna.

Wannan lissafi yakan kuskure. Akwai shafin da ke kai mutum wani fili daban don ya sanar da shi bai dace ba, akwai mai karɓar suna a fili ɗaya kalmar sirri a wani. A irin waɗannan wurare ma'ajiya na iya neman adana kalmar da shafin ya riga ya ƙi.

Kuskure a kalmar sirri

A nan ne aka fi yin asara. Idan sunan ya yi daidai da wanda ke ajiye amma kalmar ta bambanta, ma'ajiya kan yi zaton an canja ta ne, sai ta tambaya ko a sabunta. Wanda ya amsa cikin gaggawa ya goge ta gaskiya ya ɗora gurɓatacciya, kuma kafin ya farga gyaran ya bazu zuwa duk wayar da kwamfutar da ke haɗe da asusun. Daga nan manhajar za ta yi ta cike kuskuren da kanta, har shafin banki ko na makaranta ya kulle asusun saboda yawan gwaji. Wasu ma'ajiyoyin sun tanadi mafita: Bitwarden na riƙe tsofaffin kalmomi biyar na ƙarshe, KeePass kuma kwafi goma na kowane bayani idan ba a taɓa saitinta ba. Ba kowace ke da wannan tarihi ba, kuma ya cancanci a duba shi kafin a zaɓi manhaja.

Akwai kuma inda kuskuren ke zama gaskiya. Wanda ya buga harafi ba daidai ba a gurabe biyu ranar rajista, to abin da ya buga ɗin ne kalmar sirrinsa, ba wanda ya ƙudurta a zuci ba. Ma'ajiyar da ta adana a lokacin ita ce shaidar da ta fi shi tunawa.

Kurakuran ba su da yawan iri: babban baƙi a madadin ƙarami, ƙarin harafi a ƙarshe, tazarar da aka bari tsakanin haruffa ba a sani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda aka yi a kan masu shiga Dropbox, shafin ajiyar fayiloli, ya nuna cewa gyara kaɗan daga irin waɗannan zai ba ƙarin kashi 3 cikin 100 na masu amfani damar shiga. Facebook ma kan karɓi kalmar da aka juya manya da ƙananan baƙaƙenta. Sai dai wannan rangwamen shafi ne. Ma'ajiya ba ta gyara wa kowa rubutu.

Kuskure a suna da adireshi

Sunan da aka buga ba daidai ba yakan haifar da bayani na biyu kusa da na asali. Haka ma lambar waya da aka rubuta yau da sifili a gaba, gobe da 234. Share na bogin ya wadatar.

Adireshi kuwa ba ta yi masa sassauci ko kaɗan. Tana gwada sunan shafin da wanda ta adana, tare da taimakon jerin ƙarshen adireshi da Mozilla, mai yin Firefox, ta fara tattarawa, wanda ya sa take gane cewa shafuka biyu masu ƙarewa da com.ng ba gida ɗaya ba ne. Harafi ɗaya ya sauya, ba za ta cike komai ba. A 2017 wani masanin kwamfuta mai suna Xudong Zheng ya nuna adireshin da ido ke karantawa apple.com alhali da haruffan rubutun Rasha aka haɗa shi, kuma 'yan damfara kan yi rajistar sunaye masu kama da na bankuna suna jiran wanda hannunsa zai zame. Shirun ma'ajiya a irin wannan shafi gargaɗi ne. Abin takaici, da yawa kan ɗauka manhajar ce ta lalace, su kwafo kalmar da kansu su liƙa wa ɓarawo.

A tsakanin Hausawan Legas

'Yan kasuwar Mile 12 da mazauna Agege da Idi-Araba galibi da waya suke shiga asusunsu, a ƙaramin allo, cikin hayaniyar ciniki. Wanda ya sayo wata waya a Computer Village da ke Ikeja yakan tarar da madannai dabam da waɗanda ya saba. Idan kalmar sirrinsa na da ƙ ko ɗ ko ɓ, sabuwar wayar na iya rasa su, ya buga k ko d ko b, alhali a wurin kwamfuta haruffa ne mabambanta. Masu cike fom ɗin JAMB a shagon intanet su ma tambayar adanawa kan fito musu, kuma amsa ta a kwamfutar haya barin mabuɗi ne ga na baya.

Babbar kalmar sirrin da ke buɗe ita ma'ajiyar kanta hukuncinta dabam ne. Daga ita ake sarrafa mabuɗin da ke warware abin da ke ciki, saboda haka kuskuren harafi ɗaya mabuɗin wata ƙofar yake bayarwa, ma'ajiyar ta ci gaba da zama a kulle. A manhajoji irin su Bitwarden kamfanin ma ba shi da kwafinta, balle ya tuna wa wanda ya manta.