Waiwaye: Yadda aka gane ciwon damuwa a cikin kurkuku

An daɗe ba a ɗauki damuwar fursuna a matsayin cuta ba. In ya daina cin abinci, a ce taurin kai ne. In ya yi shiru ya zuba tagumi, a ce nadama ta kama shi. Ai wanda aka kulle dole ransa ya ɓaci.

Abin mamaki, masu neman gyara ne suka fara tona asirin, ba da niyya ba. A 1829 aka buɗe kurkukun Eastern State a Filadelfiya ta Amurka, inda kowane ɗaurarre ke zaman kaɗaici a ɗakinsa dare da rana, wai don ya yi tunani ya tuba. Garin neman gira aka rasa ido. A 1890 Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta bayyana cewa irin wannan keɓewa ta haukata wasu, wasu kuma sun kashe kansu.

Sai dai ba duka laifin bango ba ne. A 1939 likitan Birtaniya Lionel Penrose ya lura cewa a ƙasashen Turai, inda gadajen asibitin masu taɓin hankali suka yi ƙaranci, fursunoni sun fi yawa. Har yau ana gardama kan wannan, amma ya jawo hankali ga waɗanda da ciwonsu suke shiga.

Alƙaluma masu ƙarfi sun zo a 2002, lokacin da masana Seena Fazel da John Danesh suka tattara bincike 62 a mujallar likitanci ta Lancet, kan fursunoni kusan 23,000 daga ƙasashe 12, duk na Yamma. Kashi 10 cikin ɗari na maza da kashi 12 na mata suna fama da tsananin damuwa.

Abubuwan da ke rura ciwon sanannu ne: makonnin farko na ɗauri, cunkoso, yankewar ziyarar iyali, azabar rabuwa da ƙwaya ga wanda ya saba. A ganina jiran shari'a ya fi su ci. Wanda aka yanke wa hukunci yana ƙirga kwanaki. Mai jira ba shi da abin ƙirgawa, kullum sai a ɗage zama.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda suka haramta keɓe fursuna fiye da kwana 15 a jere. Ƙa'idoji ne na jagora, ba su tilasta wa kowace ƙasa ba.