Ƙaura da Kare Zuwa Ƙasa Mai Zafi

Ƙaura da kare zuwa ƙasa mai zafi ita ce mutum ya sauya ƙasar zama tare da karen da yake kiwo a gida, daga wuri mai sanyi ko matsakaicin yanayi zuwa yankin da zafin rana ko ɗanshin iska ya fi wanda dabbar ta saba da shi. Waɗanda suka fi yin irin wannan tafiya su ne ma'aikatan jakadanci da sojoji da ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji, sai kuma waɗanda suka ajiye aiki suka koma zama a wata ƙasa. Al'amarin ya shafi dokokin shigar da dabbobi, da jigilar kare a jirgin sama, da lafiyarsa bayan ya sauka. Kusan dukkan dokokin an kafa su ne domin tsare ƙasar da za a shiga daga cututtuka, musamman ciwon haukan kare. Babu wata takarda a cikinsu da ke auna ko karen zai iya jure zafin inda za a kai shi, don haka wannan nauyi yana wuyan mai shi.

Tarihin dokokin

Tsoron ciwon haukan kare shi ne tushen duk wani shinge da ake sa wa karnuka a kan iyaka. Louis Pasteur ya fara yi wa ɗan'adam allurar wannan ciwo a Faransa a watan Yulin 1885, amma an daɗe bayan haka kafin rigakafin karnuka ya zama abin da hukumomi za su dogara da shi. Saboda haka ƙasashen da teku ya kewaye suka zaɓi killacewa. A Birtaniya, hukumar aikin gona a ƙarƙashin Walter Long ta tilasta sanya wa karnuka takunkumi a yankunan da cutar ta ɓulla, ta kuma fitar da dokar shigo da karnuka a 1897. Wajen farkon ƙarni na 20 killacewar wata shida ta zama ƙa'ida, kuma a kusan 1902 aka ɗauka an kawar da cutar daga ƙasar. Ta sake dawowa a 1918, ana danganta hakan da karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a kuma shawo kanta ba sai 1922.

Dokar wata shida ta yi kusan shekara ɗari tana aiki. A 1969 wani kare da aka kawo daga Jamus ya nuna alamun hauka a garin Camberley bayan ya gama wa'adinsa an sallame shi, abin da ya sa aka tsawaita killacewar na wani lokaci. Cikin waɗanda dokar ta ci wa tuwo a ƙwarya akwai ma'aikatan da suka yi zama a ƙasashe masu zafi suka tashi komawa gida. Chris Patten, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, da ya bar mulki a 1997 ya aika karnukansa biyu Faransa maimakon ya sa su a keji na rabin shekara, kuma ya fito fili ya soki dokar. A watan Fabrairun 2000 Birtaniya ta fara tsarin da ya maye gurbin killacewa da rigakafi da gwajin jini, Tarayyar Turai ta fito da fasfon dabbobin gida a 2004, sannan Birtaniya ta daidaita ƙa'idojinta da na Tarayyar a watan Janairun 2012.

Tsibiran Hawai, waɗanda suke cikin yanki mai zafi kuma ba su da ciwon haukan kare, sun fara killace karnuka a 1912, wa'adin da aka fi sani shi ne kwana 120, kuma tun 2003 ana rage shi zuwa kwana biyar ko ƙasa da haka ga wanda ya cika sharuɗɗa. Ƙa'idojin da ƙasashe ke dogara da su a yau galibi sun fito ne daga Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924. Dalilin wannan tsanani bai gushe ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare.

Takardu da sharuɗɗa

Jerin matakan yana da muhimmanci kamar matakan kansu. Da farko ana dasa wa kare maikurocif, wata 'yar ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar shaidar kare mai alƙaluma 15. Bayan haka ake yin allurar haukan kare, domin allurar da aka yi kafin dasa ƙwayar ƙasashe da yawa ba sa lissafa ta. A ƙa'idar Tarayyar Turai, sai ɗan kwikwiyo ya kai mako 12 ake yi masa allurar, a kuma jira kwana 21 kafin tafiya. Inda ake neman gwajin jini, ana ɗibar jinin bayan aƙalla kwana 30 da allura, kuma dole ƙarfin garkuwar ya kai 0.5 a ma'aunin ƙasa da ƙasa. Takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati ita ce ta ƙarshe, kuma kwanakinta kaɗan ne, galibi kwana 10 kafin tashi.

Ostireliya na cikin mafi tsanani. Kare daga ƙasar da ba ta cikin jerin waɗanda ta amince da su ba ya shiga kai tsaye, wanda ya fito daga ƙasar da aka amince da ita amma tana da ciwon sai ya jira kwana 180 bayan gwajin jini, sannan ya yi kwana 10 zuwa 30 a cibiyar killacewa ta Mickleham kusa da Melbourne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana buƙatar izinin shigarwa tun kafin tafiya, tana kuma hana wasu jinsunan da ake ɗauka masu haɗari ne. Maldibis ta hana shigar da karnukan gida ɗungurungum.

Jigila

Yawancin karnuka suna tafiya ne a ɗakin kaya na jirgi, a sashen da ake daidaita zafi da iska, cikin keji mai bin ƙa'idar Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya: sai kare ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya kuma kwanta yadda ya saba. Haɗarin ya fi yawa a ƙasa, lokacin da keji yake zaune a filin jirgi cikin rana ana jiran lodi ko sauyin jirgi. Shi ya sa kamfanoni da dama ba sa karɓar dabba idan zafi ya haura digiri 29 a ma'aunin Salshiyas a kowane zango, kuma masu tafiya ke neman jirgin da zai sauka da dare ko da asuba. Alƙaluman ma'aikatar sufuri ta Amurka da aka fitar a 2010 sun nuna cewa kusan rabin karnukan da suka mutu a jirage cikin shekara biyar masu gajeren hanci ne. Likitocin dabbobi ba sa ba da shawarar maganin barci, saboda yana rage hawan jini yana kuma hana kare daidaita zafin jikinsa.

Jikin kare da zafi

Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya, wato ya ɗara na mutum tun farko. Kare ba ya gumi yadda mutum yake yi, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, wanda bai isa ya sanyaya shi ba. Abin da yake dogara da shi shi ne haki. Yana buɗe baki, harshe ya zubo ya faɗaɗa, numfashi ya riƙa shiga da fita sau ɗaruruwa a minti ɗaya, ruwan da ke hanci da baki da harshe ya riƙa bushewa yana tafiya da zafi. Wannan hanya tana aiki sosai a busasshen zafi irin na hamada muddin akwai inuwa da ruwan sha. A gaɓar teku mai ɗanshi kuwa iskar ta riga ta cika da ruwa, kare zai yi ta haki amma jikinsa ba ya sauka, hakin ma kansa aiki ne da ke ƙara masa zafi. Don haka birni mai digiri 32 da ɗanshi yana iya fin mai digiri 38 da bushewa haɗari, abin da sababbin zuwa sukan rasa ganewa idan lambar zafi kawai suke dubawa.

Jinsin kare yana da tasiri mai girma. Masu gajeren hanci irin buldog da pug suna da ƙuntatacciyar hanyar numfashi, masu kaurin gashi irin husky da cawcaw an samar da su ne domin ƙanƙara, kuma ƙiba da tsufa da ciwon zuciya duk suna ƙara haɗari. Akwai jinsunan da asalinsu daga wurare masu zafi ne, kamar saluki na Gabas ta Tsakiya da azawak na yankin Sahel da basenji na tsakiyar Afirka, kuma siffarsu ta nuna haka: siririn jiki da dogayen ƙafafu da dogon hanci.

Jiki yana sabawa, amma a hankali. Ana samun sabo na farko cikin kwana 10 zuwa 20, cikakken sabo kuma yana iya kai wata biyu. Makonnin farko su ne mafi haɗari, domin kare bai san inda zai tsaya ba, zai bi mai shi da gudu kamar yadda ya saba a ƙasar sanyi har ya faɗi. Wani bincike da aka yi kan bayanan asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka buga a 2020, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar motsa jiki ne sanadi, waɗanda aka bari a mota sun kasance kaɗan idan aka kwatanta. Kwalta ma abin lura ce, domin tana iya wuce digiri 50 ko da iska ba ta kai 30 ba, tana kuma ɗaye fatar tafin ƙafa. Masu kiwo sukan ɗora bayan hannu a kanta na 'yan daƙiƙoƙi, idan hannu bai jure ba ƙafar kare ma ba za ta jure ba.

Idan zafin jiki ya haura digiri 41, an shiga halin da ake kira bugun zafi. Alamunsa su ne haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa, da yawu mai kauri yana dalala, da dasashi ya yi ja wur, sai tangaɗi da amai da gudawa, daga nan suma. Ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna lalacewa, jini kuma ya kasa daskarewa yadda ya kamata. Shawarar likitoci ita ce a fara sanyayawa kafin a kama hanyar asibiti: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi, a sa masa fanka, kada kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana tare zafin a ciki.

Cututtukan ƙasashe masu zafi

Kaska da ƙuma da sauro ba su da lokacin hutu a inda babu hunturu mai tsanani, saboda haka maganin rigakafi yana zama na duk shekara. Tsutsar zuciya sauro ke yaɗa ta, 'ya'yanta suna girma a cikin sauron ne idan zafi ya wuce kusan digiri 14, kuma cikin wata shida zuwa bakwai suna zama tsutsotsi masu tsawon har santimita 30 a zuciya da jijiyoyin huhu. Maganin wata-wata yana hana ta, warkar da ita kuwa aiki ne mai tsawo da haɗari.

Jar kaskar kare, wadda take iya rayuwa ta hayayyafa a cikin ɗaki, tana ɗauke da cutar elikiya. An fara bayyana wannan cuta a Aljeriya a 1935, kuma ta yi suna a lokacin yaƙin Biyetnam, inda ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa, musamman jinsin makiyayin Jamus, bayan zazzaɓi da rama da haɓo. Ostireliya ta fara gano ta a yankin Kimberley a 2020. Cutar lishmaniya, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da yamma ke yaɗawa a kewayen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Barazil, ana iya lallashinta da magani amma ba kasafai take barin jiki ba. A Afirka kudu da Sahara akwai ƙudan da ke saka ƙwai a ƙasa mai laima ko jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji. A arewacin Ostireliya kuma kwaɗon rake, da aka kai Queensland a 1935, yana da dafin da ke kashe karen da ya ɗauke shi da baki.

Komawa gida

Ƙasashe masu zafi da yawa suna cikin jerin masu haɗarin ciwon hauka, don haka fita ta fi komawa sauƙi. Karen da aka yi wa gwajin jini kafin ya bar Tarayyar Turai, aka kuma riƙa sabunta allurarsa ba tare da ta yanke ba, yana komawa ba jira, wanda bai yi ba sai ya jira wata uku. Amurka tun 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba.

Abubuwan da aka yi saɓani

Wasu suna aske karnuka masu kaurin gashi, wasu suna ganin gashin yana tare rana kuma tsefe shi ya wadatar. An daɗe ana hana ruwa mai sanyi sosai a bugun zafi, amma sababbin shawarwari sun yarda da tsoma lafiyayyen matashin kare a cikinsa. Game da tsoho ko mai gajeren hanci, likitoci sun rabu tsakanin masu ganin a tafi da shi a ajiye shi a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da masu ganin a nema masa gida a ƙasar da ya saba.