Numfashin Tantra: Mene Ne Shi, Daga Ina Ya Samo Asali?

Duk wanda ya taɓa leƙa YouTube ko TikTok yana neman yadda ma'aurata za su ƙara shaƙuwa, ko yadda namiji zai rabu da saurin kawowa, da wuya bai yi kiciɓis da kalmar Tantra ba. Hoton kusan iri ɗaya ne ko'ina: mace da namiji zaune sun tanƙwashe ƙafa suna fuskantar juna, kowa ya ɗora tafin hannu a ƙirjin ɗan'uwansa, suna jan numfashi tare suna saki tare. Mai bayani kuma yana cewa wannan ilimin jima'i ne na mutanen Indiya mai shekara dubu biyar, yana ƙara kuzari, yana ɗaure zukata. Maganar nan ta cakuɗa abu biyu da suka yi hannun riga: tsohuwar ibada ta wasu addinai, da wani atisayen ma'aurata da aka ƙirƙiro kwanan nan a Amurka da Turai. Wanda bai rarrabe su ba zai sayi abin da bai san sunansa ba.

A harshen Sanskirit, tsohon harshen Indiya, tantra na nufin masaƙa ko zaren da aka miƙe a kanta, daga nan aka mayar da ita sunan wasu littattafan addini. Littattafan sun fara bayyana a Indiya wajen ƙarni na 6 miladiyya, saboda haka batun shekara dubu biyar ƙari ne na 'yan talla. Mabiya Hindu masu bautar Shiba da alloli mata ne suka fi rubuta su, mabiya Buda ma suka yi nasu, waɗanda suka haura zuwa Tibet tun daga ƙarni na 8. Abin da ya cika su shi ne kalmomin da ake maimaitawa, wato mantra, da zane-zanen bauta, da ƙa'idojin hadaya, da yadda almajiri zai karɓi izini daga hannun malaminsa, da neman wasu ƙarfuka na ɓoye. Babban malamin masu bautar Shiba, Abhinabagupta, ya rayu a Kashmir wajen shekara ta 1000, kuma masanin falsafa ne da waƙa da wasan kwaikwayo. A Indiya ta yau, in aka ce wane tantrik ne, abin da mutumin kan titi zai fara kawowa a ransa boka ne mai aikin asiri, ba malamin zaman aure ba.

To ina numfashi ya shigo? A wurinsu iskar da mutum ke shaƙa ita ce ke ɗauke da wani ƙarfin rai da suke kira prana, kuma zuciya da numfashi tafiyarsu ɗaya: in numfashi ya yi kai-kawo tunani ya yi kai-kawo, in ya tsaya tunani ya tsaya. Sun ƙidaya cewa mutum na numfashi sau 21,600 a yini da dare, wanda in ka raba zai ba ka sau 15 a minti, adadin da bai saɓa wa abin da likitoci ke gani ga baligi mai lafiya ba. Sun ce a kowane numfashi jiki na furta wata mantra mai suna hamsa da kansa, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Sun kuma zana wa jiki wata taswira ta ɓoye mai hanyoyi 72,000, uku daga ciki su ne manya: ida a hagu mai alaƙa da wata da sanyi, pingala a dama mai alaƙa da rana da zafi, sai sushumna a tsakiya tana bin ƙashin baya. A gindin ƙashin bayan, in ji su, akwai wani ƙarfi mai suna Kundalini, kwance kamar macijiyar da ta naɗe tana barci. Aikin numfashi shi ne a tashe ta, ta bi hanyar tsakiya ta ratsa mahaɗan da ake kira cakra har ta kai tsakar ka, inda take haɗuwa da Shiba. Manufar ita ce kuɓuta daga sake haihuwa a duniya, wanda shi ne tsira a aƙidarsu. Likitan fiɗa bai taɓa ganin cakra ko sushumna a jikin mutum ba. Abubuwa ne da mai ibadar ke surantawa a ransa, shi ya sa ma littattafan suka saɓa a kan adadin cakra, wani ya ce huɗu, wani biyar, wani shida.

Abin da suka fi ba wa muhimmanci ba shaƙa ba ce, ba fitarwa ba ce, riƙewa ce, wadda suke kira kumbhaka. Wani littafi mai suna Bijnana Bhairaba, da ya haura shekara dubu, ya jero hanyoyi 112 na tattara hankali, kuma na farko-farkon sun karkata ne ga ɗan tsaikon nan da ke tsakanin ƙarewar shaƙa da fara fitarwa. Littattafan yoga na baya, musamman Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, sun gaji wannan suka fayyace yadda ake yi da hannu. Mutum zai zauna ya miƙe baya, ya danne kafar hancin dama da babban yatsa, ya ja iska a hankali ta hagu, ya toshe duka biyun ya riƙe, sannan ya saki ta dama, ya sake ja ta daman ya fitar ta hagu. Akwai kuma bhastrika, ma'ana zuga-zugi, domin ciki ne ke shiga yana fita da sauri kamar na maƙeri yana hura wuta.

'Yan zuhudun Tibet suna da nasu mai suna tummo, ɗaya daga cikin darussa shida da ake dangantawa ga Naropa, wani malamin addinin Buda na ƙarni na 11. Ana haɗiye iska a danne ta ƙasa da cibiya, a matse mara, a riƙa suranta wuta tana ci daga can tana hawa sama. Wannan kam an gwada shi da ma'auni. A 1982 Dokta Herbert Benson na jami'ar Harvard ya wallafa abin da ya gani ga wasu 'yan zuhudu uku a Daramsala, arewacin Indiya, inda zafin yatsun hannu da na ƙafa ya ƙaru, ƙarin har ya kai digiri 8.3 a ma'aunin Salshiyos. Mutanen nan kuwa shekaru suka kwashe suna yi, a ƙarƙashin malami.

Batun jima'i akwai shi, ba a ƙirƙire shi ba, amma ɗan yanki ne. Wasu ƙungiyoyi na ɓoye, waɗanda ake kira masu hanyar hagu, suna da wata bauta ta abubuwa biyar: giya, nama, kifi, soyayyen hatsi da saduwa. Dalilinta shi ne karya ƙa'idojin tsarki na Barahamawa, wato ajin limaman Hindu, da gangan, ba gyaran zaman aure ba, kuma sau da yawa ma ba da matar aure ake yi ba. Mafi yawan mabiya sun musanya abubuwan biyar da wasu, 'yan zuhudun Buda da suka yi alwashin ƙaurace wa mace kuwa a rai kawai suke surantawa.

Sauyin ya faru ne da abin ya tsallaka teku. Wani alƙalin Ingila a babbar kotun Kalkata, John Woodroffe, ya fassara wasu littattafan zuwa Turanci, kuma aikinsa na 1919 ne ya yaɗa tsarin cakra da ake zanawa ko'ina yau. Tun kafin nan, wani Ba'amurke mai suna Pierre Bernard ya kafa ƙungiyar Tantra a Amurka a farkon ƙarni na 20, jaridu suka yi ta yayata shi da abin kunya, sunan Tantra ya manne da jima'i a can. Sai Rajnish, wanda aka fi sani da Osho, ya buɗe zaurensa a birnin Pune na Indiya a 1974, Turawa suka yi ta tururuwa, ya haɗa musu tsohuwar kalmar da dabarun likitocin ƙwaƙwalwa na Yamma. Daga ɗalibansa da irinsu ne aka sami bitocin ma'aurata na shekarun 1980: kallon ido cikin ido, daidaita numfashi, wannan ya shaƙa yayin da wancan ke fitarwa, jinkirta inzali. Masana suna kiran wannan sabuwar Tantra, kuma ita ce ke cikin wayarka.

Ni dai ban raina abin da ke aiki a cikinta ba, sai dai ba ya bukatar macijiya kafin a fahimce shi. Zuciya na ɗan ƙara gudu in mutum ya shaƙa, ta rage in ya fitar. In aka sassauta numfashi zuwa kamar sau shida a minti, aka tsawaita fitarwa, sashen jijiyoyin da ke kula da hutu da narkar da abinci shi ke rinjaye, jiki ya saki. Wannan sashen kuwa shi ne ke tafiyar da motsin sha'awa ga namiji da mace, fargaba da gaggawa kuma su ne manyan maƙiyansa. Magidancin da ya shiga ɗaki da tsoron kada ya ji kunya, zuciyarsa na dukan uku-uku, numfashinsa sama-sama, ya riga ya taimaki matsalar a kan kansa. Sannan ma'aurata nawa ne ke iya zama minti goma, waya a ajiye, suna duban juna ba tare da zancen cefane ko kuɗin makaranta ba? Zaman kaɗai magani ne ga gidaje da yawa.

Numfashin sauri kuma wata magana ce daban, a nan ne nake jin tsoro. In mutum ya yi ta zuga iska, iskar kabon da ke cikin jininsa na raguwa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Sai jiri ya ɗebe shi, leɓe da yatsu su yi yam, wani hannunsa ma ya ƙage. Wannan ne wasu masu koyarwa ke cewa kuzari ne ya motsa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya da mai juna biyu su nisanci zuga numfashi da riƙe shi da tsawo. Kada kowa ya gwada shi a cikin ruwa ko yana tuƙi, domin suma na zuwa ba sallama, kuma an sha rasa rayuka ta haka a wurin ninƙaya. Raunin mazakuta da ya daɗe kuma sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini, wanda gwajin asibiti ne zai gano shi.

Saura batun imani, wanda Musulmi ko Kirista ba zai tsallake ba. Jan numfashi a hankali ba mallakar wani addini ba ne, ma'aikatan jinya ma na koya wa mai naƙuda. Amma da zarar mai koyarwa ya ce ka maimaita mantra, ko ka ɗauki kanka Shiba matarka kuma Shakti, allahiyar da ake haɗawa da Shiba, an bar motsa jiki an shiga bauta, ko da shi mai koyarwar bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Musulmin Indiya sun fuskanci wannan tambaya tun tuni. An fassara wani littafin yoga zuwa Larabci da sunan Haudu Ma'il Hayat, sannan a ƙarni na 16 Shehu Muhammad Gaus na Gwaliyar, jigo a ɗariƙar Shaɗɗariyya, ya fitar da nasa da Farisanci mai suna Bahrul Hayat. Masu fassarar sun riƙe bayanin zama da na numfashi, mantra ɗin kuwa suka fassara su da sunayen Allah na Larabci.