Iyayen gida, ku duba yaranku kafin zafin Afrilu

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kan haura digiri 40. Lokacin ne ake yawan kawo mana asibiti 'yan dako, masu buga bulo da leburorin gini, da jiri, ciwon kai da fitsari ja wur. Sai a ce zazzaɓin sauro ne, a saya musu ƙwaya a kasuwa. Sau da yawa kuwa ƙishirwa ce da rashin hutu. Wanda ya wuni yana zufa ba ya shan ruwa, ƙodarsa ce ke ɗaukar wahalar, kuma ciwon ƙoda ba ya nuna kansa da wuri.

Alhazai masu shaguna da 'yan kwangila, da ku nake. Na san kuna biyan lada, wasunku har da abincin rana, Allah ya saka. Amma kyan aiki bai tsaya ga kuɗi ba. Yaron da bai san ranar biyansa ba, bai san lokacin tashi ba, kullum cikin tsawa da zagi, ba ya barci da kyau. Rashin barci da fargaba na yau da gobe suna taimaka wa hawan jini, kuma mai gyangyaɗi ne ke faɗowa daga kan gini.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa awa 40 a mako ga aikin da ba na gona ba, da hutun kwana guda cur kowane mako. A kasuwa wannan kamar tatsuniya ce, na sani. To a fara da abin da ba ya cin kuɗi: tulun ruwa mai sanyi a wurin aiki, rumfa ko inuwar dogonyaro, a ɗauki kaya masu nauyi da sassafe ko bayan la'asar. A yanka ranar biya, a cika alkawari. Masu sana'ar kansu kuma, tun 2014 hukumar fanshon ma'aikata ta ƙasa, CNPS, ta buɗe musu ƙofar yin rajista don fansho.

Idan yaro ya rikice yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ku kai shi inuwa, ku sassauta masa tufafi, ku jiƙa shi da ruwa kuna yi masa fifita. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. A garzaya da shi asibiti nan take.