Ɗaukar Hoton Tsokar Zuciya

Ɗaukar hoton tsokar zuciya fanni ne na likitanci da ke amfani da na'urori don ganin halin da naman zuciya ke ciki ba tare da an tsaga ƙirji ba. An fi buƙatarsa wajen gano kumburin tsokar zuciya, wanda likitoci ke kira mayokadaitis, da cututtukan da ke sa zuciya ta buɗe ko ta yi kauri har ta kasa tura jini. Kumburin yakan biyo bayan kamuwa da ƙwayar bairos. Alamominsa, wato ciwon ƙirji da haki da rikicewar bugun zuciya, sun yi kama da na toshewar jijiyar zuciya, shi ya sa rarrabe su yake da wuya.

Tarihi

Ana danganta cikakken bayanin farko na wannan kumburi ga Carl Fiedler, likita a birnin Dresden na Jamus, wajen 1899 ko 1900. A jikin gawa ya gano shi, kuma an daɗe ana haka: sai mutum ya rasu sannan a tabbatar da abin da ya kashe shi.

A 1953, Inge Edler da Hellmuth Hertz na Jami'ar Lund a Suwidin suka aro wata na'urar sauti da ake neman tsagewar ƙarfe da ita a wurin ƙera jiragen ruwa, suka ɗora ta a ƙirji, sai suka ga motsin bangon zuciya. Mafarin hoton eko ke nan. Eko yana nuna girman zuciya da ƙarfin matsawarta, amma ba ya nuna kumburin kansa.

A 1962 wasu likitocin Japan biyu, Sakakibara da Konno, suka ƙera ɗan hantsaki da ake zurawa ta jijiya a gutsuro naman zuciya kaɗan a duba a madubin likita. Ƙa'idojin Dallas, da aka tsara tsakanin 1986 da 1987, su suka fayyace yadda za a karanta wannan nama. Sai dai kumburin tsalli-tsalli yake fitowa, don haka hantsakin yakan ciro lafiyayyen wuri ya bar mai ciwo a gefe.

Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ne ya cike giɓin. A 1998 Matthias Friedrich da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa sinadarin gadoliniyom, idan an yi allurarsa ta jijiya, yana taruwa a tsokar da ta kumbura. Daga 1999 Raymond Kim da Robert Judd a Amurka suka tabbatar da cewa hoton da aka ɗauka kamar minti 10 zuwa 15 bayan allurar yana fito da tabo fari fat, lafiyayyar tsoka kuma baƙa. Inda farin ya fito shi ne hujja. Tabon toshewar jijiya daga cikin bangon zuciya yake farawa, yana bin yankin da jijiyar ke shayarwa. Na kumburi kuwa ya fi fitowa a tsakiyar bango ko ta bayansa.

Ƙa'idojin Lake Louise

An fitar da su a 2009, da sunan wani wuri a lardin Alberta na Kanada. Sun nemi a ga biyu cikin abubuwa uku a hoton MRI kafin a ce kumburin tsokar zuciya ne: taruwar ruwa a tsoka, ƙaruwar kwararar jini, da tabo. A 2018 aka sabunta su da awo biyu, T1 da T2, waɗanda ke ba kowane ɓangare na tsokar adadi maimakon dogaro da idon mai karanta hoto.

Hoton PET

Hoto ne da ke nuna wuraren da suka fi shan wani sukari na musamman da aka yi allurarsa. Ana amfani da shi musamman a cutar sakoidosis, mai haifar da ƙananan kullutun kumburi a gaɓoɓin jiki har da zuciya. Majinyaci yakan ƙaurace wa abinci mai sitaci da sukari, ya kuma yi azumi kafin hoton, don kada lafiyayyar tsoka ta sha sukarin allurar.

A ƙasar Hausa

Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yawaita a arewacin Najeriya da Nijar. Binciken Davidson da Parry a Zariya cikin shekarun 1970 ya alaƙanta ta da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai zafi, da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyom, kuma har yanzu ba a haɗu a kan dalili ɗaya ba. Eko ne abin dogaro a nan, domin MRI na zuciya yana da tsada kuma cibiyoyinsa kaɗan ne.

Taƙaddama

Wani bincike na Frankfurt a 2020 ya ba da rahoton sauyi a hoton zuciyar 78 cikin mutum 100 da suka warke daga korona. Masana da yawa sun soki tsarinsa, kuma binciken da suka biyo baya sun sami adadi ƙasa da haka sosai. Game da gadoliniyom, tun 2006 ake taka tsantsan wajen yi wa masu ciwon ƙoda mai tsanani allurarsa.